Agwagi Rabi-Rabi

Talata, 9 ga Satumba

Mako guda ke nan da aka yi mini ɗinkin. Likita ta ɗaure bakin mahaifa da zare, ta ce shi zai riƙe cikin har ya isa, in Allah ya yarda. Sharaɗinta ɗaya ne: kwanciya. Ba hawa, ba sauka, ba ɗaukar ko buta, ba tsayuwa sai ta zuwa banɗaki. Gidanmu kuwa a hawa na uku yake. Tun ranar da mijina Injiniya ya hau da ni a hankali, yana nishi kamar ya ɗauko firjin mutane zai gyara, ban sake taka matakala ba.

Na kira mai studiyo na ce ya nemi wadda za ta riƙe kyamara. Ya ce kujerata tana nan tana jirana. Ban yarda da shi ba, amma ba shi ne a gabana ba yanzu.

Ciki na uku ke nan. Biyun farko duk a wata na shida suka tafi. Yanzu ina na huɗu. Na rubuta a nan ne don bakina ya ƙi faɗa.

Alhamis, 11 ga Satumba

Abin da nake gani daga gado: fanka, tabon ruwa a silin, rabin taga, da jan akwatin nan a kan kabad. Na ce wa Injiniya ya sauke shi ya kai falo. Ya ce babu wuri. Ƙarya yake yi, tsoron taɓa shi yake ji, kamar ni.

Asabar, 13 ga Satumba

Gwaggo ta iso da jakarta da bakinta. Ita ta riƙe ni tun rasuwar Mama, kuma har yau gani take ban iya wanke wuyana ba. Ko zama ba ta yi ba ta ƙare mini kallo, ta ce, "Kin yi kumatu, amma idonki ya faɗa. Me kike karantawa a wayar nan?"

Na ce ba komai. Ta karɓa ta duba. Labaran matan da cikinsu ya zube ne, na buɗe sun fi goma. Ta kashe wayar ta sa a aljihunta, ta ce in wani ya kira za ta kawo mini.

Na ji haushi. Na kuma ji sauƙi.

Litinin, 15 ga Satumba

Ta buɗe gwangwanin biskit ɗinta, wanda tun ina yarinya babu biskit a ciki, sai zare kala-kala da allurai da ɗan almakashi. Shekaru ta yi tana koyar da ɗinki kafin ta ajiye aiki, ta kuma rasa wanda za ta yi wa faɗa, yau ta samu. Ta fito da farin ƙyalle mai ƙananan ramuka a jere, ta ɗame shi a zoben katako ta ɗora mini a kan filo. Wai ɗinkin gicciye, shi ne wanda ake iya yi a kishingiɗe.

Ba shi da wuya. Kowane ɗinki sanda biyu ne da suka gicciya, irin alamar da malami ke sa wa wanda ya faɗi lissafi. Sai dai ba ɗaya-ɗaya ake yin su ba. Za ki bi layi kina jera sandunan farko, duk sun karkata gefe guda, har ƙarshen layin. Gwaggo na kiran wannan tafiya. Sannan ki juyo kina ɗora na biyu a kansu kina rufewa, wannan ita ce dawowa.

Zanen agwagi ne a kan ruwa, uwa a gaba, 'ya'ya biyar a bayanta. Na ce me za a yi da shi in an gama. Ta ce, "Bargo." Ba ta ce na wa ba. Ta san halina.

Laraba, 17 ga Satumba

Na yi tafiya layi uku a ruwan, da shuɗin zare. Da na zo juyowa sai hannuna ya tsaya.

A cikina na farko na saƙa masa hula da safa, ruwan ƙwai. Na gama, na datse zaren, na ɗauki hoto na tura wa kowa. Mako bai zagayo ba ya tafi. Na biyu na yi wayo, ban nuna wa kowa ba, amma na ɗinka 'yan riguna uku da hannu, na yi musu ado a wuya, na wanke na goge na ninke. Shi ma haka. Su ne a jan akwatin.

Na sauka layi na huɗu na ci gaba da tafiya.

Juma'a, 19 ga Satumba

Gwaggo ta gano. Ta ɗaga ƙyallen zuwa taga, ta sauke tabarau kan hanci, ta ce, "Ina dawowar?"

Na ce sai na gama tafiyar duka, sannan in rufe gaba ɗaya. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mai hankali ya yi haka ba. Na ce to yau ta gani.

"Zai karkace miki," in ji ta. "Duk zaren gefe guda yake ja."

Na yi kunnen uwar shegu da ita.

Talata, 23 ga Satumba

Ranar awo. Injiniya da mai facin da ke ƙofar gida suka sauke ni a kan kujerar roba, Gwaggo tana gaba tana ba da umarni kamar ita ta gina benen. Maƙwabta suka leƙo. Na rufe fuska da gyale, ba don kunya kaɗai ba, ba na son a yi mini addu'a da irin muryar nan ta tausayi.

Likita ta ce zaren yana nan daram. Ta sa na'ura muka ji bugun. Ta tambaya ko muna son sanin mace ce ko namiji in lokaci ya yi. Injiniya ya buɗe baki, na riga shi na ce a'a.

Lahadi, 28 ga Satumba

Na ajiye zoben katakon, danne mini ciki yake. A hannu nake riƙe ƙyallen yanzu. Gwaggo ta tsuke baki, ta ce hannuna ya cika ja, kamar ina ɗaure akuya. Ruwan ya kusa rabi.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ba abin rubutawa. Kwanciya, shayi, allura, kwanciya. Bayana kamar ba nawa ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ya motsa. Ina tsakiyar zura zare a allura, sai na ji ɗan tsalle a ƙasan cibiya. Na tsaya cak har zaren ya zame. Ban gaya wa kowa ba sai da yamma, shi ma Injiniya kaɗai. Ya ɗora hannu ya yi tsuru-tsuru, kamar yadda yake kasa kunne a jikin firji yana sauraron inji. Bai ji komai ba, amma ya ce ya ji, don ya faranta mini.

Na biyu ma ya yi irin wannan motsin. Ban ce masa ba. Ya sani.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na gama tafiyar ruwan, na fara uwar agwagwa. Da safe hasken tagar nan yana faɗowa a kaikaice, irin wanda nake so in na zaunar da yaro zan ɗauke shi. Yana sauka a kan zaren, tun da duk gefe guda suka kwanta, sai su yi sheƙi gaba ɗaya. Amma in ka matsa kaɗan farin ƙyallen yana leƙowa ta tsakaninsu. Agwagwar tana nan kuma ba ta nan, kamar hoton da aka ciro daga ruwan wanki bai gama fitowa ba.

Injiniya ya ce, "Mai hoto, wannan agwagwar taki tana fama da rashin jini." Gwaggo ta yi dariya har da tari. Ni ma na yi, na dafe ciki don tsoro.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ita kuma Gwaggo ta fara nata aikin a kujerar da ke gefen gado: rigar filo mai furanni a baki. Layi ɗaya, tafiya da dawowa, ta datse, ta juya baya ta duba, ta yi gyaran murya don in gani. Ba na kallo. Ina kallo.

Talata, 21 ga Oktoba

Awo. Lafiya lau. Likita ta ce, "Yanzu ne za mu shiga wurin da muke tsoro, ki ƙara kiyayewa." Na ji daɗin da ta ce "mu".

A hanyar dawowa mai tasi ya bi ta titin da ake sayar da gadajen jarirai. Injiniya ya juya kai yana kallon ɗaya gefen har muka wuce. Ashe ba ni kaɗai ba ce.

Asabar, 25 ga Oktoba

Uwar agwagwa ta ƙare, ɗanta na farko ya ƙare. Rabi-rabi dai.

Duk shiga banɗaki sai na duba. Duk fitowa sai na ga Gwaggo ta ɗago ido daga ɗinkinta tana karanta fuskata, sannan ta mayar kamar ba ta yi ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Ƙyallen ya fara karkacewa. Na shimfiɗa shi a gado, kusurwa ɗaya ta yi gaba ta bar 'yan uwanta. Na ja shi da hannu ya miƙe, na saki ya koma. Na ninke shi kafin ta shigo.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Watan ya kama. Na shida.

Ba na iya cin abinci sosai. Gwaggo ta dafa ƙwai ta tsaya a kaina sai da na cinye. Motsin yana nan, har ya fi na da ƙarfi. In ya yi shiru na ɗan lokaci sai in kwanta ta hagu in riƙe numfashi har ya harba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, a asibiti

Jiya bayan azahar barci ya ɗauke ni da ɗinkin a ƙirji. Na farka na gan shi a ninke a kan kujera. Na buɗe. Ɗan agwagwa na farko a rufe, tsaf, daga baki har wutsiya. Ya fito jawur da bakinsa, ruwan ƙwai da jikinsa, shi kaɗai mai rai a cikin sauran.

Na kira Gwaggo na ce wa ya ce ta taɓa. Ta ce so take in ga yadda zai yi kyau, kuma wurin ya miƙe, in duba. Ban duba ba. Na jefar da shi ƙarshen gado.

Kafin la'asar na shiga banɗaki na ga jini. Ba mai yawa ba. Amma haka na biyu ya fara.

Ban san yadda aka sauke ni ba. Na tuna mai faci yana cewa a hankali, a hankali, na tuna Gwaggo ta sauko da takalmi ƙafa ɗaya. A mota ta kama hannuna, na zare.

Likita ta duba ta ce zaren bai motsa ba, bakin mahaifar ne ya ɗan gurje. Ga bugun nan, muka ji. Za ta riƙe ni kwana biyu ta gani. Injiniya ya fita baranda, na hango shi ta gilashi ya jingina goshi da bango.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Jinin ya tsaya. Gwaggo ta kawo abinci, na ce na ƙoshi.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Mun dawo gida. Abu na farko da na yi, na ɗauki allura na fara warware ɗan agwagwar, sanda bayan sanda, a gabanta. Aikinta mai ƙarfi ne, bai warwaru da sauƙi ba, sai da na sa almakashi.

Ta tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu. Ta ce, "'Yar nan, wannan camfi ne. Zare ba ya kashewa, ba ya rayawa. Ki ji tsoron Allah."

Na ce, "Ke me kika sani a ciki, ke da ba ki taɓa ɗauka ba?"

Haka na faɗa. Na rubuta shi yadda yake don kada gobe in rage masa nauyi. Aure biyu ta yi, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, kowa ya sani, ba wanda ya taɓa faɗa a gabanta. Sai ni da ta goya.

Ta ajiye tiren a kan kujera. Ta gyara cokalin ya daidaita da faranti. Ta fita ta ja ƙofa a hankali.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Tana dafa abinci, tana kawowa, tana kwashe kwano, tana tuna mini magani. Ba faɗa, ba tsokana. Ta mayar da ɗinkinta falo. Wayata ma ta dawo mini da ita, ta ajiye a gefen filo.

Da ma zagina ta yi.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Inda na warware ya bar tabo. Ramukan sun buɗe, ƙyallen ya yi gashi-gashi, kuma garin yanke nata na yanke nawa a wurare. Sai da na sake tafiyar ɗan agwagwar daga farko.

Karkatar ta ƙaru. Yanzu ko makaho ya shafa zai sani.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Injiniya ya zauna a bakin gado yana goge hannu da tsumma, alhali babu mai a hannun. Ya ce jiya ya tarar da jakar Gwaggo a haɗe a bayan ƙofa. Ya durƙusa ya ce mata, "Gwaggo, ku dubi Allah, in kun tafi wa zan bar wa ita?" Ta ce ba tafiya za ta yi ba, shirya kayanta kawai take don ta san inda suke.

Ya ce, "Me kika gaya mata?"

Na juya wa bango fuska. Can ya ce shi ma yana da nasa haukan: fankar ɗakin nan tun watan jiya take ƙara, aikin minti kaɗan ne, ya ƙi taɓa ta, wai kada a canza komai a ɗakin har a sauka lafiya. Mai gyaran fankar unguwa guda. Na so in yi dariya, kuka ya zo.

Talata, 18 ga Nuwamba

Awo. Zaren yana nan. Gwaggo ba ta bi mu ba, ta ce ƙafarta.

Na biyu bai kai yau ba. Na farko ma bai kai ba. Ban ji abin da na zata zan ji ba, tsoron dai ya matsa gaba kaɗan ya sake zama.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Ɗan agwagwa na uku. Idona yana yaji. Na ɓata layi, na sa shuɗi mai duhu a wurin mai haske, ba wanda zai ce mini "ke makauniya ce?" Na warware da kaina.

Talata, 25 ga Nuwamba

Da hantsi ta shigo da tsumma da kujerar roba, ta ce ƙura ta yi yawa a ɗakin, ba kyau ga mai ciki. Ta goge taga, ta goge madubi. Sai ta ja kujerar gaban kabad ta taka.

Na ce, "Gwaggo, ki sauko, za ki faɗi." Ko kallona ba ta yi ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa a kan kujerar da ƙafarta ɗaya ta tsage, ni kuma an hana ni tashi da sauri. Na kama bakin gado har yatsuna suka yi fari. Ta jawo jan akwatin, ya rinjaye ta, kujerar ta yi ƙara, ta dafa kabad ta tsaya. Ta sauko da shi a ƙirji.

Na ce kada ta buɗe. Ta buɗe.

Ta fito da hular ta kakkaɓe, ta sa hannu a ciki ta juya ta. Ta fito da safar. Ta ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya, ta juya bayan adon wuyan ta duba, kamar yadda take yi wa ɗalibanta. Ni dai ina kwance hawaye na shiga mini kunne.

Ta ce, "Hannunki mai kyau ne. Ba ƙulli ko ɗaya."

Ta shanya su a jikin taga su sha iska. Ta zauna a kujerar tana haki. Da numfashinta ya dawo ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Gaskiya kika faɗa, ban taɓa ɗauka ba. Ban taɓa samun wanda zan yi wa ko safa ba, ko na wata ɗaya. Ke kin samu biyu, kin gama musu nasu tsaf, ba su tafi kina riƙe da komai nasu ba. Wannan kuma yana nan, yana harbinki safe da yamma, shi ne kike ba shi rabi-rabi."

Da yamma ta ninke kayan ta mayar. Ba ta mai da akwatin sama ba, ta tura shi ƙarƙashin gado.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Ban taɓa allura ba yau.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Yau ma. Sai kallon saman kabad nake, inda akwatin ya bar sawunsa a jikin bango.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Na ɗauko ɗinkin na gama tafiyar ɗa na huɗu da rabin na biyar. In na gama na biyar babu sauran tafiya, ban yi wannan tunanin ba tun farko.

Ta kawo shayi. Na ce, "Gwaggo." Ta tsaya. Maimakon in ba ta haƙuri, sai na ce sukari ya yi kaɗan. Ta ce likita ce ta hana, ba ita ba.

Talata, 2 ga Disamba

Awo. Wata na bakwai. Likita ta ce daga nan ko ya matsa sai ya fito akwai abin da za a iya yi masa, amma kada in ji haka in tashi in fara shara. Har yanzu da sauran tafiya, in ji ta, zaren zai zauna sai watan tara.

Gwaggo ta biyo mu wannan karon. A matakala ta yi wa mai faci faɗa wai yana karkata kujera. Ban taɓa jin daɗin faɗanta kamar yau ba.

Juma'a, 5 ga Disamba

Na gama na biyar. Na shimfiɗa bargon a kan ƙafafuna. Ya karkace ƙwarai, agwagin kamar gangara suke sauka, ruwan yana shirin zubewa ta kusurwa.

Na kira ta na ce ko in an jiƙa an goge zai miƙe. Ta ɗaga shi ta ja ta nan, ta ja ta can. Ta ce, "Zai miƙe na kwana biyu. Wanki ɗaya zai koma." Na ce to mene ne maganinsa. Ta dube ni ta saman tabarau.

Na ce, "Ki yafe mini, Gwaggo." Da ƙyar ya fito, ina kallon agwagi.

Ta ce, "Tun a matakala na yafe. Zura zarenki, kin bar allura tsirara."

Ban zura ba. Amma ta dawo da rigar filonta ɗakin, ta zauna a kujerarta.

Litinin, 8 ga Disamba

Ciwon mara da safe. Na kwanta ta hagu, na sha ruwa, Gwaggo tana riƙe da wayar da lambar likita a buɗe. Ya lafa kafin azahar. Ba jini.

Duk tsawon lokacin ba wanda ya rufe ko sanda ɗaya a bargon nan, ciwon kuma ya zo abinsa. Na lura da wannan, shi ke nan.

Alhamis, 11 ga Disamba

Na rufe layi uku a ruwan, daga kusurwar da ta fi karkacewa. Don ƙyallen ne kawai, kada ya lalace bayan duk wahalar da na sha. Na rufe na farko na tsaya na jira, na shiga banɗaki na duba. Na dawo na rufe na biyu. Ya harbe ni a haƙarƙari har allurar ta faɗi, sai da Gwaggo ta lalubo ta a cikin zanin gado tana mita.

Dawowa ta fi tafiya sauri, ramukan sun riga sun san hanya. Wurin ya miƙe kuwa, ban gaya mata ba, ta gani da kanta ta yi gyaran murya.

Ɗan agwagwa na farko, wanda na warware, na miƙa mata allura na ce idona ba ya ganin ramukan wurin. Ta karɓa. Ta ja kujera kusa, ita tana wancan gefen, ni ina wannan, bargon a kan cikina yana ɗagawa yana sauka. Sau biyu ta cire tabarau ta goge, wai ƙura.

Ba wai na sa rai ba ne. Har yanzu ban yarda a gaya mini mace ce ko namiji ba, fanka kuma tana nan tana ƙararta.

Na dai ce wa Injiniya gobe ya biya ya ƙaro shuɗin zare, mai hasken. Zan ƙara ruwan kaɗan daga ƙasa. Dangin Injiniya dogayen ƙafa gare su.